Aikin da ke Jiran 'Ya'yan Bakin Tafki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwatar Warra ranar kasuwa, ya ga yadda jirage ke isowa daga ƙetaren tafkin Kainji maƙare da mutane da buhuna da babura, har ruwa na neman shafar bakin katako, ga kuma yaro tsugune a tsakiya yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa da gwangwani, to, ba ya bukatar wani malami ya yi masa sharhin ma'anar zama a bakin hatsari. Jama'ar wannan yanki, wato Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, da Kambari, da Lopawa, da Shangawa, da Sarkawa ma'abota su, da Hausawan da suka zauna tare da su tun kaka da kakanni, ruwa ne gonarsu, shi ne hanyarsu, wani lokaci kuma, bisa ƙaddarar Ubangiji, shi ne makwancinsu.

Asalin al'amarin ba ɓoyayye ba ne. Sa'ad da aka gama ginin madatsar Kainji a 1968, ruwan Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohon garin Bussa, da gungunan da Gungawa ke noman albasa a kansu, da ƙauyuka sama da 200, har aka tayar da mutum wajen 44,000. Hukuma ta gina musu sababbin matsugunai bisa zanen wani Bature mai suna Robin Atkinson, da bulon siminti da rufin asbesto, kuma, a faɗi gaskiya, an yi ƙoƙari a kwaikwayi fasalin gidajen gargajiya. Amma duk da kyakkyawar niyya, da yawa daga waɗanda aka ba makullai sun koka da zafin ɗakunan, wasu suka kewaye su da ɗakunan ƙasa da rumbuna irin waɗanda suka saba, wasu ma suka bar su suka koma kusa da ruwa, domin masunci ba ya iya kwana nesa da jirginsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da a ce a wancan zamani akwai ɗan Ngaski ko ɗan Shanga guda ɗaya da ya karanci ilmin zanen gini, ya zauna cikin majalisar masu shawara, da lalle ya gaya musu inda mace ke hura wuta, da inda ake ɗaure akuya, da dalilin da ya sa rumbu ba ya zama sai a kan duwatsu.

Wannan gurbi har yau bai cika ba. Mai karatu ya dubi bangon ƙasa bayan damina mai ƙarfi, zai ga ba daga sama yake mutuwa ba, daga gindi ne: ruwa ya kwanta kwana biyu ko uku, ya jiƙa sahun tubali na ƙasa, yaɓe ya zube, bango ya tsage, rannan da tsakar dare ya rufta. Magabata sun san maganin wannan gwargwadon hali, suna tayar da daɓe, suna shafe bango da makuba. Abin da ake bukata yanzu shi ne magini wanda ya haɗa wannan hikima da ilmin makaranta, ya san ya ɗora tushe na dutse da siminti har ya wuce alamar da ambaliyar bara ta bari a jikin itace, sa'an nan ya ci gaba da tubalin ƙasa mai sanyi da araha. Da kuma safiyo mai awon ƙasa, wanda zai ce wa dagaci, cikin ladabi, ranka ya daɗe, wannan fili fadama ce, kada a yanka wa kowa. Ana koyar da irin waɗannan fannoni a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ba sai an je wata uwa duniya ba.

Kwara kuwa tana da ɗabi'ar da baƙo ba ya ganewa, domin sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa mai laka, wanda daminarmu ke kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu, lokacin da ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama. Hukumomin tarayya masu lura da yanayi da koguna suna fitar da hasashensu kowace shekara, amma a Abuja, alhali wanda abin zai ci yana can ƙauyen da ko waya ba ta kamawa sai an hau tudu. A 2020 an ga yadda ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi ana dab da girbi. Mutumin da zai karanta ma'aunin ruwa kullum safiya, ya karɓi gargaɗi, ya juya shi zuwa Hausa da Reshe da Kambarci, ya kai wa liman da sarkin ruwa da mai shela, wannan ma'aikaci ne, ya cancanci albashi kamar malamin makaranta.

Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya nufo Warra ɗauke da mutum fiye da 150, ya rabe a tsakiyar ruwa, waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin lura a nan shi ne, a irin wannan musiba rai ba ya jiran sa'a guda, ita kuwa Birnin Kebbi tafiyar sa'o'i ce a mota. Saboda haka waɗanda ke fara faɗawa ruwa, a nan da ko'ina, masunta ne da masu fito, ba da rigar ceto ba, ba da kayan nutso ba, sai ƙarfin damtse da sanin ruwa da suka gada. Jami'an NEMA, hukumar agajin gaggawa da aka kafa a 1999, da na NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, komai himmarsu, galibi sukan iso ne lokacin ƙidayar gawa. Hukumar HYPPADEC mai hedkwata a Minna, wadda aka yi dokarta a 2010 domin yankunan da ke ba ƙasa wutar lantarki, ta raba rigunan ceto, ta kuma sa hannu wajen cire kututturan itatuwan da tafki ya binne, waɗanda ke fasa cikin jirgi. Wannan abin yabo ne, sai dai riga ba ta sa kanta, kuma ba ta hana mai jirgi ƙara buhu goma. Mai hanawa mutum ne tsayayye a kwata, da littafi a hannu, wanda ya san mai jirgin da ubansa, ya kuma san ba za a kore shi don ya ce a'a ba.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su farilla ce ta kifaya, idan wasu suka ɗauka ta faɗi daga kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Kuma riƙon sababi bai taɓa warware tawakkali ba. A ƙasar Ostareliya ma, gwamnati na biyan 'yan asalin ƙasar albashi domin su tsare dazuzzukansu daga gobara da ilmin kakanninsu. Ba mu rasa inda za a koya ba: ga cibiyar binciken kifi da kwalejinta a New Bussa, ga makarantar koyon aikin lafiya a Jega, wadda 'ya mace za ta fito daga cikinta ta san yadda ake tarar amai da gudawa bayan ruwa ya gurɓata rijiyoyi.

Saboda haka muna roƙon iyaye a Warra da Yelwa da Shanga, idan yaro ya gama sakandare, kada a ce lalle sai aikin ofis a birni. Muna kuma roƙon shugabannin ƙananan hukumomin da garuruwan nan uku ke ciki su buɗe guraben nan a rubuce, da albashi, su fara ɗaukar waɗanda suka iya ninƙaya tun suna yara, kafin farin ruwan baɗi ya iso.