Daga Kujerar Ofis Zuwa Bencin Majalisa: Ina Ma'aikacin Mubi Zai Samo Minti 150?

Mutanen ƙasar Mubi ba su gaji zama ba. Manomin Gude ko Fali da ke noma a gindin duwatsun Mandara, da makiyayin da ke koro shanu zuwa tike, da matar da ke ɗauko kaya a ka daga Gella ko Vimtim ranar kasuwa, babu wanda ya taɓa ce musu su ware lokacin motsa jiki, don neman abincinsu ya wadatar. Amma a cikin gari an sami wani rukuni na jama'a da abincinsu ke kan kujera: ma'aikatan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da na Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, da na sakatariyar Mubi ta Arewa da ta Kudu, da na bankuna, sai kuma samari da 'yan mata masu POS da ke yini cikin ɗan akurkin shago. Akasarinsu 'ya'ya ne ko jikokin waɗancan manoma. Jikin da suka gada na aiki ne, sana'ar da suka samu kuwa ta zama ce.

A dubi yinin magidanci ɗaya daga cikinsu. Bayan sallar asuba sai hidimar shirya yara, ya zuba su a mota ko a Keke Napep zuwa makaranta. Ƙarfe takwas ya zauna gaban kwamfuta da tarin fayiloli. Ko ruwa yake so, akwai masinja ko ɗalibin da zai aika. Ƙarfe huɗu ya tashi, ya sake zama a abin hawa, ya biya ta majalisa ya zauna kan benci har magariba. Bayan isha'i ga tuwo, ga talabijin, ga waya a hannu. In aka tara, mutumin nan ya yi awa goma ko fiye a zaune, ga shi kuma a gajiye liƙis. Abokiyar aikinsa mace ta fi shi shan wuya, domin tana sauka daga kujerar ofis girki da wanki da aikin makarantar yara ke jiranta. In ka yi wa ɗayansu maganar motsa jiki, amsar ɗaya ce: "Ina lokacin yake?"

Abin da zama ke yi wa jiki

Likitan da ya fara kafa hujja kan wannan batu shi ne Jeremy Morris na Birtaniya. Ya bibiyi lafiyar ma'aikatan bas-bas masu bene na birnin Landan, kimanin mutum 31,000, ya kuma wallafa sakamakon a 1953. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, awannin aikinsu ɗaya, unguwanninsu iri ɗaya. Bambancin kawai shi ne direba na zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Morris ya gano ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Da ya juya kan ma'aikatan gidan waya, sai ya ga abu ɗaya: masu yawon raba wasiƙu sun fi akawunan da ke zaune a ofis lafiyar zuciya. Shi kansa Morris ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Dalilin yana cikin tsoka. Manyan tsokokin jiki suna cinya da ɗuwawu da sha-raɓa, su ne kuma suka fi jan sukari daga jini su ƙone shi. Idan mutum ya ci tuwon masara ko shinkafa, abincin yakan koma sukari ya shiga jini. Tsokar da ke motsi tana zuƙe wannan sukari da kanta. Wadda ke kwance kuwa sai jiki ya yi ta zubo sinadarin insulin kafin ta karɓa. Shekara da shekaru a haka, jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, daga nan ciwon suga ke samun ƙofa. Haka ma kitsen da ke yawo cikin jini: sinadarin da ke kwashe shi a tsoka yakan yi sanyi idan an daɗe a zaune. Ita kuwa sha-raɓa famfo ce, duk takun da mutum ya yi tana matsa jini ya koma sama zuwa zuciya. Shi ya sa mai dogon zama ke ganin sawun safa ya fito raɗau a ƙafarsa da yamma. A ƙara da ciwon baya da na wuya da duƙawa kan kwamfuta ke haifarwa.

Abin tsoron shi ne hawan jini ba ya sallama. Kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi uku a Najeriya na ɗauke da shi, da yawa kuma ba su sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. A duniya baki ɗaya, alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 sun nuna kashi 31 cikin 100 na baligai, wato mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon bukata.

Nawa ake bukata?

Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020 ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Matsakaici shi ne tafiyar da za ta sa numfashinka ya ɗan ɗaga, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Mako guda minti 10,080 ne, ke nan 150 bai kai kashi 2 cikin 100 ba. In an raba shi kwana bakwai, minti 22 ne a rana.

Akwai wani sauyi a wannan ƙa'ida da ya fi kowa amfanar mai iyali. A da ana cewa sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a lissafa shi. A 2020 an cire wannan sharaɗi: minti uku nan, biyar can, duk suna shiga lissafi. Masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka sun nuna a 2023 cewa tashi a yi tafiyar minti biyar bayan kowane rabin awa na zama yana rage hawan sukari bayan cin abinci, yana kuma sauke awon jini kaɗan. A New Zealand, wani bincike na 2016 kan masu ciwon suga ya nuna tafiyar minti goma bayan kowane abinci ta fi tafiyar rabin awa a dunƙule daidaita sukari, musamman bayan abincin dare.

Wanda kwanakin aikinsa suka cushe ma yana da mafita. Binciken da aka wallafa a 2017 kan mutum sama da 63,000 a Ingila da Sukotlan ya gano waɗanda ke tara motsinsu a kwana ɗaya ko biyu na mako sun rage haɗarin mutuwar wuri da kusan kashi 30 cikin 100 idan aka gwada su da marasa motsi. Batun taku 10,000 da wayoyi ke ƙirgawa kuwa, kada ya karya wa kowa gwiwa. Adadin ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960. Nazarin da aka yi a Amurka a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna amfanin yana bayyana tun daga taku 4,400 a rana.

Inda mintocin suke ɓoye

Wanda ya ce sai ya sami sarari, ko sai an buɗe gidan motsa jiki kusa da shi, ko sai ya sayi kambas da riga ta musamman, zai daɗe yana jira. Dabarar da ke ɗorewa ita ce a cusa motsin cikin abin da dama ba a fashinsa.

Ibada ce ta farko. Musulmi ma'aikaci yana tashi daga kujera don azahar da la'asar ko da shugabansa na tsaye a kansa. Zuwa masallaci da natsuwa ake yi, wannan ba a taɓa shi. Amma dawowa fa? Wanda ya bi doguwar hanya ya ɗaga ƙafa na minti bakwai bayan azahar, bakwai bayan la'asar, takwas bayan isha'i, ya cika 22 ɗinsa bai cire komai daga lokacin iyali ba. Ta bayan isha'i ta fi daraja in an riga an ci tuwo. Kirista mai zuwa addu'ar safe ko ta tsakiyar mako, da zumuntar mata, da gwajin waƙar mawaƙan coci, shi ma yana da irin wannan dama idan cocin na cikin unguwa.

Sai hanyar aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin Keke ya zama abin lissafi a albashi. Mai fitowa daga Lokuwa ko Shuware ko Wuro Patuji yana iya sauka tun kafin ya iso, ya taka kilomita ɗaya, abin da ba ya wuce minti 12 zuwa 15. Ya rage kuɗi, ya ƙara lafiya. A ofis kuma, ka kai fayil da ƙafarka maimakon aike, ka amsa waya a tsaye, ka ajiye ruwan sha nesa da tebur. Mai POS da ba ya iya barin shago yana iya miƙewa duk lokacin da babu ciniki, ya ɗaga dugadugansa sama ya sauke sau ashirin, ya tsuguna ya tashi sau goma. Wannan tsuguno da tashi, da danna ƙasa ko jikin bango da hannuwa, da ɗaukar jarkar ruwa, su ne aikin ƙarfafa tsokar da ake magana, ba sai da ƙarafuna ba.

Asabar kuwa ta iyali ce. Tafiya da yara da sanyin safiya ta hanyar Sahuda inda duwatsu ke gabanka, ko buga ƙwallo da su a filin makaranta, ko kama fartanya a gonar bayan gari da damina, duk suna cike giɓin mako. Yara ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna bukatar awa ɗaya na motsi kowace rana, don haka fitar ta zama riba biyu. A dai kula da yanayi: a zafin Maris da Afrilu a fita kafin rana ta ɗaga ko bayan ta yi sanyi, a sha ruwa sosai, da hunturu mai asma ya rufe hanci saboda ƙura, da azumi a bari sai bayan buɗa-baki.

Kunyar ido da rabon aiki

Gaskiyar magana, ba ƙarancin lokaci kaɗai ke zaunar da mu ba. Babban ma'aikaci ya ajiye mota ya taka, kafin ya yi nisa mai Keke ya tsaya: "Yallaɓai, lafiya? Motar ce ta lalace? Shigo in kai ka." A majalisa kuma a fara raɗa ko Alhaji ya karye ne. Har yanzu muna kallon tumbi a matsayin shaidar hutu, muna yi wa wanda ya ajiye teɓa barka da samun wuri. Wannan kunya tana da tsada, domin kuɗin maganin hawan jini da na suga wata-wata ake biyansu har ƙarshen rai. Idan mutum biyu ko uku na majalisa ɗaya suka haɗu suna zagaya unguwa bayan la'asar, hirar da za a yi a benci an yi ta a tafe, bakin masu magana kuma ya mutu.

Mace ma'aikaciya matsalarta daban ce. Wasu na cewa ai aikin gida ya ishe ta motsi. Shara da daka da wankin hannu da jan ruwa a rijiya suna ɗaga numfashi, suna cikin lissafi. Tsayuwa gaban tukunya kuwa gajiya ce kawai, ba ta aikin da tafiya ke yi wa zuciya. Tana iya zagaya tsakar gida, ko tsallen igiya da 'ya'yanta, ko takawa da maƙwabciya zuwa Islamiyya ko kasuwa. Amma minti ashirin ɗin nan ba za su samu ba sai wani ya riƙe mata yaro. A nan maigida ke da rawar takawa: "Maman Abba, kawo shi nan, je ki zaga ki dawo." Wanda bai iya faɗin haka ba yau, yana iya kwana a kan benci gefen gadon asibiti gobe.

Shugabannin ma'aikatu ma da nasu. Makarantun gaba da sakandare na Mubi suna da filayen wasa da hanyoyi a cikin haraba. Ware rabin awa sau biyu a mako don ma'aikata su taka, da ba mata lokacinsu na daban a filin, da gayyato ma'aikatan lafiya su auna jinin kowa duk bayan wata uku, ba abu ne mai cin kasafin kuɗi ba.

Kafin ka fara, je kemis ko asibiti a auna jininka da sukarinka, musamman in ka haura arba'in. Mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, da mai shan maganin suga, su fara jin ta bakin likita. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na sarƙewa yana cikin tafiya, ya tsaya nan take ya nemi asibiti. Sauran mu kuwa babu uzuri: a fara da minti goma gobe bayan abincin dare, a ƙara biyar mako mai zuwa, har a kai 22. Lafiya uwar jiki ce, kuma iyalin da kake cewa su suka hana ka lokaci su ne suka fi kowa bukatar ka daɗe a tsaye.