Ƙofar Tarago Tana Cinyewa Ne Tana Rufe

A wurin lodin jirgin ƙasa, ba abin da ke tsayar da aiki cik kamar ƙofar tarago da ta cije. Buhunan siminti ko na takin zamani suna jibge a bakin dandamali, 'yan dako sun naɗe hannun riga, amma ƙofar ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan kilo ta kafe a kan layinta, ba gaba ba baya. Sai a ɗauko sandar ƙarfe a ɓanɓare ta, in ta ƙi a sa guduma, in akwai motar ɗaga kaya mai cokali a kusa a tura ta da ita. Ƙofar za ta buɗe, amma layin da take bi ya ƙara lanƙwashewa, 'yan tayoyinta sun ƙara tsagewa, kuma a tasha ta gaba za ta fi haka taurin kai. Yawancin mutane suna ɗauka yawan buɗewa da rufewa ne ke kashe irin wannan ƙofa, don haka maganinta a shafa mata giris. Ra'ayina shi ne wannan fahimta ta kauce wa inda ciwon yake. Ƙofar tarago ta fi cinyewa a lokacin da take rufe, jirgi yana gudu, babu mai taɓa ta, kuma duk gyaran da bai fara daga nan ba asarar kuɗi ne.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna haka. A Amurka, inda rufaffen tarago ya daɗe yana ɗaukar takarda da katako da kayan gwangwani, faɗin ƙofar da aka fi sani ƙafa 10 ne, wato kimanin mita 3. Buɗewa ɗaya da rufewa ɗaya tafiyar mita 6 ke nan. A ƙaddara an buɗe ta sau 100 a shekara, wanda ma ya yi yawa ga tarago mai doguwar tafiya, to duk abin da tayoyin ƙofar suka gangara a shekarar mita 600 ne, bai kai kilomita ɗaya ba. A 1953 wani masani ɗan Ingila mai suna John Archard ya fitar da ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita har yau: yawan ƙarfen da guga ke cinyewa yana ƙaruwa daidai da nauyin da ke danne wurin da kuma tsawon tafiyar gugar, yana raguwa gwargwadon taurin wanda ya fi laushi a cikin abubuwa biyun da ke gogayya. In aka bi wannan ƙa'ida da tafiyar mita 600 kawai, ya kamata tayoyin ƙofa su kai ƙarshen rayuwar taragon, wadda dokar Amurka ta ƙayyade da shekara 50 sai da izini na musamman. Amma ba sa kaiwa. Ashe akwai wata tafiyar da lissafin bai ƙirga ba.

Tafiyar ita ce girgiza. A tsohon layin dogo mai gaɓoɓi, inda aka saba ɗaura sandunan ƙarfe masu tsawon ƙafa 39, kowace ƙafar tarago tana dukan mahaɗa wajen sau 84 a kilomita guda, wato sau dubu 84 a tafiyar kilomita dubu. Ƙara da fizgar da ake yi idan jirgi zai tashi, da karon da taragai ke yi wa juna a filin haɗa su, da murɗewar da gangar jikin taragon ke yi a kwana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana motsa ƙofar a mazauninta, motsin da ido ba ya gani, wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Illar irin wannan motsi ta bayyana ne tun 1937, lokacin da injiniya John Almen na kamfanin General Motors ya binciki abin da ke lalata boris ɗin ƙafafun sababbin motoci tun ba a sayar da su ba. Motocin ba su yi tafiya da ƙafarsu ba, ɗaukar su aka yi zuwa wurin dillalai, amma girgizar hanya ta sa ƙwayoyin boris suka haƙa wa kansu ramuka a inda suke zaune. Dalili kuwa shi ne ɗan motsin yana matse maiƙon da ke tsakani ya fitar da shi, kuma ƙwayar ba ta juyawa sosai balle ta jawo wani maiƙon. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe tsirara, ɓurɓushi ya fita, iska ta mayar da shi jan gari irin na tsatsa, wanda ya fi ƙarfen da ya haife shi tauri, shi kuma ya zauna a wurin yana ci. Abin da ya sami boris ɗin motocin nan shi ke samun tayar ƙofar da aka bari nauyin ƙofa yana kanta a duk tsawon tafiya. Tayar ta yi faƙo a gefe ɗaya, layin ya yi rami a daidai inda take tsayawa, ranar da aka zo buɗewa sai an fara fitar da ita daga ramin.

Masu ƙera taragai sun gano wannan da daɗewa, shi ya sa ƙofofi da yawa na Amurka, irin waɗanda kamfanin Youngstown na jihar Ohayo ya yi suna da su, ba sa zama a kan tayoyinsu. Idan ƙofar tana rufe, jikinta ne ke sauka ya zauna daram a kan layin. Sai mai buɗewa ya ja wata liba, ita ta ɗaga ƙofar kaɗan ta ɗora ta a kan tayoyin, ya tura, ya saki libar ƙofar ta koma ta zauna. Hikimar tana cikin ƙa'idar matsi: taya tana taɓa layi ne a ɗan tsukin wuri, duk nauyin ya taru a can, alhali faffaɗan mazauni yana raba nauyin, kuma ƙofar da ta zauna sosai ba ta samun sararin rawa. Akwai kuma ƙofar da ake cusawa cikin bakin taragon ta toshe shi kamar murfin kwalba, sai an juya hannu ta fito waje kafin ta zame gefe. A Turai ma taragai masu bangon da ke zamewa gaba ɗaya suna bin wannan tunani, sai an fito da bangon daga mazauninsa kafin ya gangara. Ba a kawar da cinyewa gaba ɗaya ba, an dai mayar da ita kan liba da fil-fil da hannuwan juyi, kuma waɗannan suna buƙatar dubawa. Amma an ɗauke ta daga wurin da ta fi tsada.

Wannan batu na tsada shi ne rabi na biyu na maganar. Tun da guga ba ta ƙarewa a duniya, tambayar da ta dace ita ce wane ɓangare aka yarda ya mutu. Layin ƙofa a jikin taragon yake da walda. Canza shi yana nufin a cire taragon daga aiki, a kai shi gareji, a yanke, a miƙe, a sake walda, kwanaki suna tafiya ba ya kawo ko sisi. Taya kuwa, ko bushin da ke cikinta, ko ɗan farantin da ke tsakanin ƙofa da madogararta ta sama, makanike ɗaya zai iya kwance su da sifana a gefen layi. Hankali ya nuna a sa layin ya fi tauri, a sa ƙaramin ɓangaren ya zama shi ne abin sadaukarwa. A wuraren da duka ya yi yawa, ma'aikatan jirgin ƙasa sun daɗe suna dogara da ƙarfen da Robert Hadfield ya ƙirƙiro a 1882, mai ɗauke da manganis kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, wanda fatarsa ke ƙara tauri gwargwadon dukan da take sha. A wuraren da zamiya ta fi duka yawa kuwa, an koma ga roba mai tauri irin nailan da wata nau'in foliyetilin mai santsi, waɗanda tuni ake shimfiɗa su a wasu gaɓoɓin ƙarƙashin tarago don kada ƙarfe ya goge ƙarfe.

Mai ja da wannan magana zai ce roba ba ta da hurumi a jikin abin da ke ɗaukar tan 70 ko 100, kuma ƙorafinsa yana da tushe. Roba tana laushi da zafi, tana buɗewa da tsukewa fiye da ƙarfe ninki da yawa, tana lotsawa idan nauyi ya daɗe a kanta, rana kuma tana busar da wadda ba a haɗa ta da maganin rana ba. Har ila yau, yashi yana iya nutsewa cikin fatarta ya mayar da ita samfefa mai cin layin da aka sa ta don ta kare. Amma duk waɗannan dalilai ne na a zaɓi inda za a sa ta, ba na a ƙi ta ba. Ba a ce ta ɗauki nauyin ƙofa a tafiyar kilomita dubu ba, wannan aikin mazaunin ƙarfe ne. Aikinta shi ne ta cike ratar da ƙofa ke rawa a cikinta, ta shanye ƙananan duka, ta ba da santsi ba tare da maiƙo ba, kuma ba ta tsatsa ta manne da ƙarfe bayan damina. Idan ta ƙare, ƙarewarta a fili take, ana gani, ana canzawa.

Sai batun giris, wanda shi ne ya fi shiga zuciyar mutane saboda arha ne kuma sakamakonsa nan take ake ji a hannu. A cikin rufaffen boris giris alheri ne. A kan buɗaɗɗen layi kuwa tarko ne na ƙura. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen gini na yau da kullum tauri nesa ba kusa ba, don haka giris da ya sha yashi ya zama irin ƙullun da makanikai ke wasa bawul da shi. A nan ne maganar ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta baza ta a kan Kano da Katsina da Maraɗi, ƙura mai laushin da ke shiga inda ruwa ma ba ya shiga. Ƙara da garin siminti, wanda ke daskarewa in ya sami laima, da takin zamani, wanda gishirinsa ke hanzarta tsatsa. Ƙofar da aka tsara don Turai ko gabashin Sin ba lallai ta jure wannan ba. Abin da ya dace da irin wannan yanayi shi ne boris rufaffe, da layi mai siffar da ƙura da ruwa ke zubewa daga kansa maimakon su kwanta, da busasshen mai irin girafayit ko molibdenam inda ake buƙatar santsi, sai kuma tsintsiya. Share layin ƙofa kafin a tura ta ya fi cokali goma na giris amfani.

Akwai masu cewa duk wannan tsohon zance ne, tun da kwantena ta karɓe kasuwa. Gaskiya ne rufaffen tarago ya ragu ƙwarai tun bayan da kwantena ta bazu, kuma tashoshin tsandauri irin ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala a Kano don kwantena aka yi su. Amma kayan da suka fi yawo a cikin gida, hatsi da siminti da taki da sukari da gishiri, a buhu suke tafiya, masu nauyi ne, ribarsu kaɗan ce, kuma ruwa ɗaya ya isa ya lalata su. Gyaɗar da ta yi dala a Kano bayan jirgi ya iso birnin a 1911 a buhu ta sauka kudu, kuma buhu bai bar kasuwanninmu ba. Ƙofar da ba ta rufuwa ruf tana shigar da ruwa, tana gayyatar ɓarawo. Wadda madogararta ta sama ta cinye kuwa tana iya ficewa daga layinta ta faɗo kan mai buɗe ta. Hatsarin ya kai har dokar kare ma'aikata ta Amurka ta hana amfani da motar ɗaga kaya wajen buɗe ko rufe ƙofar tarago, sai da na'urar da aka ƙera musamman don haka.

Abin da ya fi wuyar magancewa ba a jikin ƙarfe yake ba. Tarago yana yawo tsakanin hannaye da yawa: mai shi daban, mai jan shi daban, mai lodi daban, mai saukewa daban. Wanda ya doki ƙofa da guduma yau ba shi zai biya gyaranta ba, kuma wanda zai biya bai ga lokacin da aka doke ta ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta Amurka tana da ƙa'idojin da suka raba tsakanin cinyewar yau da kullum, wadda ke wuyan mai tarago, da ɓarnar da aka yi masa a hannun wani, amma ko a can gane wanda ya lanƙwasa ƙofa aiki ne. Wannan ne ya sa nake ganin ƙira ta fi gargaɗi tasiri: lebura ba ya ɗaukar guduma don mugunta, yana ɗauka ne don ƙofa ta ƙi, direbobin manyan motoci suna jira, kuma kuɗinsa a kan yawan buhun da ya sauke yake. Ƙofar da mutum ɗaya zai tura da hannu ba wanda zai ɓata lokaci yana dukanta. Tun 1966 rahoton kwamitin Peter Jost ya ƙiyasta cewa masana'antun Birtaniya za su iya tsimin fam miliyan 515 a shekara in sun yi amfani da abin da aka riga aka sani game da guga da cinyewa da shafa mai. Ilimin yana nan tun lokacin, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Yanzu da ake shimfiɗa sabon layi mai faɗin milimita 1,435 daga Kaduna zuwa Kano, da kuma na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, za a sayi taragai, wasu kuma za a harhaɗa su a masana'antar Kajola da ke jihar Ogun. Hankalin masu saye yakan tafi ga kan jirgi da ƙafafu da birki, ƙofa kuwa a karɓi duk wadda mai sayarwa ya liƙa. Ya kamata takardar kwangila ta faɗi a sarari cewa ƙofa za ta sauka daga kan tayoyinta idan an rufe ta, cewa duk ɓangaren da ke cinyewa da noti za a ɗaura shi ba da walda ba, cewa an gwada ta cikin ƙura, kuma a miƙa zanen tayoyin da bushin da ma'auninsu tare da taragan, yadda garejin jirgin ƙasa na Zariya zai iya ƙera madadinsu ba sai an jira jirgin ruwa ba.