Kilarinet mai muryar Do: abin da ya kamata mai saye daga Malanville ya sani

A kasuwar Malanville za ka samu albasa, shinkafa, atamfa da kayan babur yadda kake so, amma kayan busa na Turawa sai an yi tattaki zuwa Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700, ko a aika wani ɗan'uwa da ke Faransa ya sayo. Shi ya sa duk wanda ya sayi kilarinet marar kyau a nan, asararsa biyu ce: kuɗi sun tafi, kuma mai gyara yana nesa.

Kilarinet abin busa ne baƙi, dogo, mai maɓallan ƙarfe. Wani Bajamushe, Johann Christoph Denner na birnin Nuremberg, shi ake dangantawa da ƙirƙiro ta wajen shekarar 1700. Bambancinta da algaitar sarakunanmu shi ne, algaita harshe biyu ne ke kaɗawa a bakinta, ita kuwa harshe ɗaya ne na gora. A nan ta fi kama da busar karan dawa da yara ke yankawa bayan girbi.

A kudancin Benin, inda busar fanfar ta yi ƙarfi har ta haifi ƙungiyoyi irin su Gangbé Brass Band ta Kwatano a 1994, kilarinet ɗin da aka fi sani ita ce mai muryar Si bemol. Matsalarta ga malamin makaranta ita ce, in ɗalibi ya karanta Do a takarda ya busa, Si bemol ce za ta fito, wato ta sauka da mataki guda. Kenan sai an sake rubuta masa takardarsa daban. Mai muryar Do kuwa, wadda masu shago ke kira clarinette en ut, abin da aka rubuta shi take fitarwa. Malami zai iya amfani da takarda ɗaya ga masu rera taken ƙasa, mai piyano da mai busa. Kuma ta fi gajarta, ta fi dacewa da hannun yaro.

To amma fa ba a ƙera ta da yawa, don haka mai shago na iya miƙo maka wata daban, ko da gangan ko cikin rashin sani. Gwajin ba shi da wuya. Sauke manhajar auna murya a wayarka, ka busa ba tare da danna ko rufe komai ba. In wayar ta nuna Sol, ta Do ce. In ta nuna Fa, ta Si bemol ce. In ta nuna Si bemol, ƙaramar nan ce mai muryar Mi bemol. In daga nesa za a sayo maka, ka ce a yi wannan gwaji a bidiyo a turo ta WhatsApp kafin ka biya ko sisi.

Abu na biyu shi ne jikinta. Masu tsada da itacen da ake kira girenadil ake yin su, baƙin itace mai nauyi da aka fi sarowa a Tanzaniya da Mozambik. Kamfanin Buffet Crampon na Faransa, wanda aka kafa a 1825, yana yin ta Do da shi, haka ma Amati na ƙasar Cek. Muryarsu da daɗi, babu musu. Sai dai itace ba ya son hunturunmu. Numfashi mai danshi yana kumbura cikinsa, busasshiyar iska tana ƙanƙance bayansa, sai ya tsage, galibi a gaɓar sama kusa da ramuka. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, mai jikin roba ta fi rufin asiri. Ridenour na Amurka yana yin ta Do da roba mai tauri. Akwai kuma Clarinéo ta kamfanin Nuvo, ta filastik, mai muryar Do, da aka yi don yara. Ana ma iya wanke ta da ruwa.

In ta hannu ce, kar ƙyalli ya ruɗe ka. Cire gaɓar sama, ka rufe ramukan da yatsu, ka toshe ƙasanta da tafin hannu, ka zuƙi iska. In ta riƙe leɓenka, 'yan matasan da ke ƙarƙashin maɓallai suna da rai. In iska na shiga, gyara na jiranka. Ka duba jikin cikin rana ko akwai tsaga siririya kamar gashi. Ka kuma auna muryoyin ƙasa da na sama da wayar, domin yawancin masu arha marasa suna a nan suke faɗuwa: wata murya ta yi daidai, wata ta karkace, kuma wannan aibi ne na ƙira, mai gyara ba zai iya masa komai ba. Tsoffin da aka buga wa HP a jiki, ka bar su. Awonsu ya fi La 440 na yau tsayi, ba za su daidaita da sauran kayan busa ba.

Ka tambaya kuma ko tsarin maɓallanta na Boehm ne, don shi ake koyarwa a ƙasashen da ke magana da Faransanci. Ka tabbata tana karɓar baki da harsunan Si bemol, waɗanda su ne ake samu cikin sauƙi. Harshen gora yana lalacewa da wuri, saboda haka ka haɗo da kwali ɗaya ko biyu na Vandoren ko Rico, lamba 2 ga mai koyo.

Ranar dawowa daga Kwatano, kar a ɗaure ta a saman mota tare da buhuna, zafin rana yana narkar da gam ɗin da ya riƙe matasan. Ka ɗora ta a cinyarka har gida. Bayan kowace busa a shafe cikinta da ƙyalle, a mayar da ita akwati, a ajiye a inuwa.