Unguwar Maƙera da Sabuwar Wuta

Baƙon da ya sauka a ƙauyen ba ya bukatar a nuna masa unguwar maƙera, amon masaba a kan uwar maƙera ne zai kai shi. Gidaje ne na dangi ɗaya a gabashin gari, kusan kowanne da maƙera a zaure ko a rumfar ƙofar gida. Da an idar da sallar asuba yaro zai tara gawayin ƙirya a murhu ya kama zuga, kafin hantsi manoma sun jeru a kan dakali, wannan da fartanyar da ta dakushe, wancan da garmar da ta tsage. Kaka na matsowa sai aiki ya koma kan lauje da magirbi. Shekarar maƙeri da ta manomi tare suke tafiya.

Abin da ya bambanta wannan sana'a a ƙauye da ta birni shi ne a cikin gida take. Ta zauren da ake dukan ƙarfen da ya yi ja amarya ke wucewa da tulun ruwa, ta nan yara ke fita makarantar allo, nan akuya ke kutsowa. Bayan katanga akwai dangar kara, ga rumbu, ga harawa a kan rufi. Idan hunturu ya shigo, komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi unguwa.

Duk da haka dattawan unguwar sun tsufa da idanunsu da yatsunsu, domin sun gaji tsarin zama da wuta wanda ya dace da irin aikinsu. Ƙasan maƙera rairayi ne, ba ya kamawa. Maƙeri kan ɗaura walki na fata ya rufe cinyoyinsa. Awartaki mai dogon hannu ke shiga wuta a madadin yatsa. Akwai kaskon ruwa a gefe don kashe zafin ƙarfe. Darasin farko da ake koya wa yaro kuwa shi ne kada ya ɗauki wani ƙarfe a maƙera da hannu don ya gan shi baƙi. Gaskiya ce da awo ya tabbatar: ƙarfen da ja ya gushe masa yana iya zama a kan zafin digiri 400, wato ninki huɗu na tafasasshen ruwa.

Sannan akwai abin da ake tinƙaho da shi. Ranar wasan maƙera, idan makaɗa suka ɗauki dundufa, Sarkin Maƙera da 'ya'yansa kan fito su yi wasa da garwashi da ƙarfen da ya yi ja a gaban jama'a, ana cewa wuta ba ta cin ɗan gado. Wannan magana ta ba maƙera kwarjini shekaru aru-aru. A yau kuma ita ce ke sa saurayi jin kunyar sa takalmi a wurin aiki, kada a ce bai gaji gida ba.

Ga shi kuwa aikin ya sauya a hannun samarin. Kayan noma na kanti sun rage ciniki, sai da yawansu suka koma zubin tukwane, sana'ar da ake gani a manyan wurare irin su Panteka a Kaduna da Katako a Yamai. 'Yan gwangwan ne ke kawo musu kaya: gwangwanayen lemo, fasassun tukwane, tsoffin sassan inji, duk abin da yake na alminiyum, wanda tsofaffi ke kira goran ruwa. A haƙa rami, a cika shi da gawayi, a haɗa wilin keke da fanka a madadin zugazugi. Alminiyum na narkewa a digiri 660. Idan ya zama ruwa sai a kwashe dattin da ya taso, mutum ya ɗauko tukunyar narki ya taka zuwa inda aka jera akwatunan ƙasa masu siffar tukunya, ya tsiyaya.

A waɗannan 'yan takun ne haɗarin yake. Ƙarfen da ake duka yana nan inda awartaki ya riƙe shi, narkakke kuwa gudu yake yi, yana fantsama, yana shiga duk inda ya sami kafa. Kuma ba ya ja sosai da rana, sai ya yi ta ƙyalli kamar azurfa, har yaro ya matso kallo. Babban abokin gabar narkakken ƙarfe laima ce. Ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan sau 1,700. Saboda haka gwangwani ɗaya da ragowar lemo a ciki, ko ludayin da ya kwana a raɓa, ko ƙasar zubi da aka jiƙa fiye da kima, na iya sa narkakken ƙarfe ya yi tsalle zuwa fuska da ƙirji. Kaskon ruwan da yake taimakon mai dukan ƙarfe, a wurin mai zubi shi ne abin da ya kamata a nisanta. Masu zubin da suka daɗe suna gasa kowane guntu da kowane ludayi a bakin wuta kafin ya taɓa narki, kuma ba sa zubi a kan siminti, domin laimar cikinsa na sa shi fashewa.

Sutura ma ta sauya, kuma ba a lura ba. Kakanninsu sun yi aiki da rigar saƙi ta auduga. Jikokin suna aiki da rigar ƙwallo da wandon roba daga gwanjo, da silifas a ƙafa. Auduga idan wuta ta taɓa ta takan ci ta zama toka, mai kauri kuma tana ba mutum damar kaɗe tartsatsin. Yadin roba narkewa yake yi ya manne da fata, ya ci gaba da ƙuna bayan an kashe wutar, kuma wurin ɓamɓare shi naman ke biyowa. Mafi yawan tabon da ake gani a jikin samarin unguwar a bayan ƙafa yake da ƙwauri, inda ɗigon narki ke sauka, silifas ya narke a kai.

Abin da zai kare su bai fi ƙarfin ƙauyen ba. Akwai majema, akwai dukawa a kasuwar mako. Walkin fata da zai sauko daga ƙirji zuwa ƙasan gwiwa, rufaffen takalmin fata, da wata fatar da za a ɗaura ta rufe bayan ƙafa, duk aikin baduku ne. Riga ta zama ta auduga mai kauri, mai dogon hannu, ba mai aljihu a buɗe ba. Ƙafar wando ta sauko a kan takalmi, kada a cusa ta ciki, domin bakin takalmi a buɗe mazurari ne ga narkakken ƙarfe. Safar hannu ta fata ta kasance busasshiya, saboda jiƙaƙƙiya tururi take kai wa fata, kuma a cire ta idan za a yi aiki da injin wasa ƙarfe, kada ya fizge ta da yatsun. Abin da sai an sayo daga birni shi ne tabarau na kariya da garkuwar fuska. Wanda ya ƙara da walda kuma ya san tabarau na rana ba ya tare haskenta. Shi ya sa ake kwana ana hawaye, ido kamar an zuba masa yashi.

Samarin suna da hujjarsu: zafi. A watan bazara, a gaban ramin wuta, fata da takalmi azaba ne. Maganar gaskiya ce, amma zubin kansa 'yan mintoci ne. Ana iya yin sa da sanyin safiya, a sa kayan lokacin ɗauko narki, a tuɓe idan an gama.

Gidan ma yana da nasa haƙƙi. Galan ɗin fetur na janareta ba shi da wurin zama a zauren da ake hura wuta. Bokitin busasshen yashi ya fi ruwa amfani idan narki ya zube ko mai ya kama. Tankin mai ko durom da ya taɓa ɗaukar fetur ba a yanka shi da wuta don an ga babu komai a ciki, tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Ragowar garwashin maƙera da ake kai wa ɗaki a kasko lokacin sanyi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, a rufaffen ɗaki kuma tana kisa cikin barci.

Idan ƙuna ta auku, matan gida ne ke fara isowa, kowace da abin da ta gada: ɗanyen ƙwai, ƙullun koko, man goge baki, wani lokaci har baƙin mai. Da kyakkyawar niyya suke yi, amma waɗannan na riƙe zafi, suna kuma kai ƙwayoyin cuta cikin rauni. Abin da likitoci suka yarda da shi shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20, a cire zobe da agogo kafin wuri ya kumbura, kada a ja yadin da ya manne, kada a fasa bororo, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ƙunar da ta fi faɗin tafin hannun mai ita, ko ta fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko ta ƙaramin yaro, ta asibiti ce a ranar.

Babu jami'in da zai zo ƙauyen ya duba waɗannan abubuwa, kuma motar kashe gobara tana da nisa. Amma unguwar tana da hukumar da ake jin maganarta. Sarkin Maƙera ne ke raba rigima, shi ke sa baki a kan farashi, shi ake kai wa yaro idan za a fara koya masa aiki. Idan ya ce ba mai ɗaukar narki da silifas, ba yaron da zai tsaya kusa lokacin zubi, magana ta zauna. Kayan kariya na mutum biyu sun ishi gida guda, tunda ba kowa ke zubi lokaci ɗaya ba, kuma kuɗinsu bai kai na jinyar ƙafa ɗaya da zaman wata biyu ba aiki ba. Iyayen da suka miƙa ɗansu koyon ƙira amana suka bayar, kuma cikarta ita ce a mayar musu da shi da sana'a a hannu, da idanu biyu, da ƙafafun da zai tsaya a kansu ya nemi abinci.