Ɗan Manomi a Kwalejin Samaru: Zangon Farko

'Yan'uwa manoma, wasu ƙungiyoyinmu na gama kai a yankin Sheme, Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa sukan haɗa kuɗi su tura yaro Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Buhunan masara da yawa ke tafiya a wannan hidima. Saboda haka ya kamata mu san abin da yaron zai tarar a can.

Kwalejin tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Kusa da ita akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda asalinta ya faro tun 1922. Daga nan ne irin masara na SAMMAZ da na auduga SAMCOT suke fitowa. Karatun difloma ta farko shekara 2 ne.

Abin da ke fara ruɗa sabon ɗalibi shi ne lacca. A sakandare malami yakan rubuta kome a allo, yara su kwafa. A kwaleji kuwa malami magana yake yi da Turanci, ɗalibi ya tsinci abin rubutawa da kansa. Ba mai bin sa da bulala in ya yi fashi. Amma makin zangon farko yana shiga lissafin sakamakon ƙarshe. Wanda ya yi sake a nan, zai daɗe yana biya.

A gonar gwaji ɗan ƙauye yake samun ƙarfin gwiwa, gama fartanya ba baƙuwarsa ba ce. Nan zai koyi dalilin abin da ya saba gani a gida. Misali ƙuduji: ƙwayarsa tana iya kwana a ƙasa shekaru da yawa tana jiran saiwar dawa ko masara. In aka shuka waken soya, sai ta tsiro ta rasa abin kamawa, ta mutu. Wannan ilimi kaɗai ya isa ya ceci gona.

Ban da karatu akwai ƙwallo, ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, da zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957. Duka suna da amfani, gama a nan baƙo ke samun abokai da masu yi masa jagora. Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Ya zaɓi ɗaya, ya bar sauran lokaci ga littafi.

Mu ma muna da namu aikin. Mu aika da guzuri a kan kari, domin mai jin yunwa ba ya sauraron lacca. Kada mu riƙa kiransa gida kowane biki. In ya zo hutu, mu ware masa kunya goma a gonar ƙungiya, ya gwada mana abin da ya koyo, kowa ya gani da idonsa.

Allah ya ba yaranmu basira, ya ba mu damina mai albarka.