"Zo In Aike Ka": Daga Ina Aikin Masinja Ya Faro?

In ka taɓa barin Kurugu da sassafe zuwa Ƙaraye neman takardar indijin, ka san shi. Yana kan benci a bakin ƙofa, fayil a hammata. Kafin ka ga kowane oga, shi za ka fara gaisarwa.

Sunan dai aro ne daga Turanci, amma aikin ya girmi zuwan Bature. Kafin 1903, yawancin hakiman Kano a birni suke zaune. Jakadunsu ne ke zuwa ƙauyuka da saƙo, su tattaro haraji, su komo da labari. Hakimi bai ga ƙauyen ba, abin da jakada ya faɗa shi ke nan.

Da Turawa suka ci Kano, sai suka tura hakimai su zauna a gundumominsu, su kuma suka ɗauki nasu 'yan aiken. Ka yi tunani: Bature ba ya jin Hausa sosai, Sarki ba ya jin Turanci, to wa ke riƙe da maganar? Wanda ke tsakani. Haka Adamu Jakada ya yi ƙarfi a Kano a farkon mulkin Turawa, har manya na shakkarsa. Ɗan aike fa!

Karatun boko ne ya rage wa aikin daraja. Da akawu da malaman ofis suka yawaita a zamanin En'e, alƙalami ya koma hannunsu, aka bar masinja da kai takarda. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ma yana nan, a matakin albashi na can ƙasa. Yanzu kuma WhatsApp ya kwashe rabin aikin.

Abin da ke damuna shi ne mu ɗalibai. Ka je sanin makamar aiki, wata guda ba abin da aka koya maka sai "sayo min ruwa", "kai wannan a yi fotokwafi". Da ciwo, wallahi, kuma wani ogan ya mai da abin bauta. Amma ni a wajen kai fayil na gane teburi nawa takarda ke bi kafin a sa mata hannu. Wani tsohon masinja ne ya nuna min, ya shekara ashirin da wani abu a kan bencin nan, kuma har na gama ban ji wanda ya kira shi Malam ba.