Takubban Gado a Ƙasar Wurno: Yadda Ake Gane Shekarunsu

A gidajen sarauta na Wurno, Raba da Goronyo, takobi kayan gado ne mai daraja. Wannan yanki ƙasar ribaɗi ce. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, kuma can hubbarensa yake. Shi ya sa da an zaro tsohon takobi sai mu ji an ce "na zamanin jihadi ne", ko kuwa "na Daular Usmaniyya ne". To, wace Usmaniyyar? Ta Sakkwato ko ta Turkiyya?

Siffa ce shaida ta farko. Takobin Turkawa da ake kira kilij lanƙwasasshe ne, mai faɗi wajen tsini. Yatagan kuwa bakinsa ciki ya karkata, ƙarshen mariƙinsa kamar kunnuwa biyu. Namu miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu.

Shaida ta biyu rubutu ne. Maƙeran Turkawa sukan rubuta sunan maƙeri, da na mai takobi, da shekarar Hijira. Idan mun sami shekarar, sai mu ninka ta da 0.97, mu ƙara 622. Misali, 1253 za ta ba mu 1837.

Sai dai takobi ɗaya yakan tara zamani uku. Ruwan takobi da yawa an ƙera su ne a Solingen ta Jamus, fatake suka ƙetaro Sahara da su ta Tarabulus, wadda Turkawa suka karɓa a 1551. Mariƙi aikin maƙeranmu ne, kube kuma na dukawa, ana sabunta shi idan ya tsufa. Hatta tambarin jinjirin wata ba hujja ba ne shi kaɗai, domin maƙeran gida sun kwaikwaye shi.

Malaman Hadisi sun koya mana neman isnadi kafin karɓar labari. Mu yi wa takubbanmu haka: mu rubuta wa ya gada daga wa tun dattawa suna raye. Kada mu goge tsatsa da dutse, rubutun ne zai tafi. Kafin mu saurari farashin dillalai, mu tuntuɓi Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Takobin da ya bar gida ba tare da tarihinsa ba ya zama ƙarfe kawai. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.